Zuwa ga Inna Uwar Garke, wadda ba ta taɓa shan ƙurar Illela ba

Ranki ya daɗe Inna,

Ina gaisuwa. Ba zan tambayi gajiya ba, tunda an ce ɗakinki sanyi ne dare da rana, mu kuwa bazarar Illela sai wanda ya gani. Ni ne yaron da dillalan kara suka ɗora wa kiwonki, tun da suka buɗe shafin tallar shanunsu a intanet.

Yaran kasuwa saba suke ce miki, masana kuma uwar garke. Na fi son na biyun, don mun san uwar garke: in ta miƙe garke ya bi, in ta kwanta kowa ya kwanta. Sai dai tamu ana ganinta ranar Lahadi da kasuwa ke ci, a shafa tozo, a duba haƙori. Ke kuwa wai kina Jamus. Alhaji shugabanmu ya taɓa ritsa ni: "Kai yaro, wagga saniya da muke biya wa haya da dala, mi take ci?" Na ce wutar lantarki. Ya yi shiru, ya ce to a yi hattara, ya ga duhun da maƙwabta suka sha a Agustan 2023 da aka yanke wa Nijar wuta.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tsakaninmu da Ƙonni ƙofa ɗaya ce, ga kwastan, ga jami'an shige da fice, amma duk da haka masu babura sun san ta daji. Ke, Inna, ƙofofinki 65,535. Wace irin mace ce mai gida haka? Na toshe su duka, na bar uku: 80 da 443 don baƙi masu kallon shanu, 22 kuma tawa ce ni kaɗai. Amma kullum da safe in na buɗe littafin da kike rubuta masu sallama, sai in tarar an kwana ana buga ƙofata. Ba ma mutane ba ne, injuna ne marasa barci, suna gwada "admin", suna gwada 123456, ko Allah zai sa su dace da rago.

Kuma da sun dace. Kalmar sirrin da na gada sunan ƙungiya ce da shekarar kafa ta, an rubuta ta ɓaro-ɓaro a gefen kalandar ofis don kada a manta. Na canza, na kuma sa miki doka: duk wanda ya kuskure sau uku, ki kore shi. Ɓarawon farko da kika kama Alhaji ne. Kwana biyu bai amsa gaisuwata ba.

Sai takardar shaidarki, mai sa ɗan kwaɗon nan ya fito a wayar mutane. Kwana 90 take yi ta mutu. Na yarda laifina ne da na manta, amma a duk ranakun Allah sai ta zaɓi Lahadi? Wani falke daga Tawa ya buɗe shafin, wayarsa ta ce masa wurin ba amintacce ba ne, kafin la'asar labari ya zagaye kara cewa 'yan damfara sun saye mu.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na Maris 2024. Ranar 13 aka ba da umarnin buɗe iyakarmu da Nijar bayan wata bakwai tana rufe, muka yi ta murna. Washegari igiyoyin intanet suka tsinke a ƙarƙashin teku wajen Kodebuwa. Na yi ta kiranki, shiru. Mu da ba mu taɓa ganin teku ba, teku ta hana mu ciniki.

Yanzu na soma kwafe duk abin da ke cikinki kowane dare, ina ajiyewa a wani garken daban. Kada ki ɗauka kishiya na yi miki. Alhaji ne ya ce shi bai taɓa ganin Bafulatanin da ya dogara da nagge ɗaya ba.

Naki mai kiwo,
daga bakin kara, Illela.

Af, na manta. Kuɗin haya zai ɗan yi jinkiri wannan watan. Alhaji ya ce a tambaye ki ko kina karɓar sefa.