Jama'ar Faitagoras a Ɗakin Jarrabawa

Tambayar tsohuwa ce: an jingina tsani mai mita 13 da bango, tsakanin gindinsa da bangon mita 5. A wane tsayi kansa ya taɓa bangon? Amsa 12 ce, amma kafin a kai gare ta, masu duba takardun WAEC suna cin karo da mutane iri-iri.

Na farko shi ne Sarkin Tarawa. Ya haddace ƙa'idar Faitagoras, cewa a alwatika mai kusurwar digiri 90 ana ninka kowane gefe da kansa, to shi ke nan, duk abin da ya gani sai ya haɗa: 169 da 25, 194. Ba ruwansa da cewa tsanin ne gefe mafi tsawo, mai fuskantar kusurwar, don haka ragi ake yi. Tsaninsa mai mita 13 ya taɓa bango a kusan mita 14, ya kuma ja wa amsar layi biyu don kada a rasa ta.

Hajiya Gaggawa ta yi ragin daidai, ta sami 144, ta rufe biro. Saura taki ɗaya, wato neman lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 144, amma ina! Bangon nata ya ɗara babbar dalar Giza ta Masar.

Akwai mai rula, wanda yake auna zanen ko da an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a kan ma'auni aka zana shi ba. Akwai kuma wanda ya ɗauka ɗan 2 ɗin da ke saman 13 yana nufin sau biyu, ya rubuta 26.

Shehin Tarihi kuwa ya san Faitagoras ɗan tsibirin Samos ne na Girka, kuma mutanen Babila sun rubuta irin waɗannan lambobi a allon yumɓu da ake kira Plimpton 322 fiye da shekara 1000 kafin a haife shi. Yana cikin jin haushin wannan ƙwacen suna aka ce a ajiye alƙalami.

Sai birkila, wanda bai taɓa zama jarrabawar ba. Ranar fitar da harsashi ya kafa turaku, ya ja igiya biyu, ya auna ƙafa 3 a ɗaya, 4 a ɗayar. In tef ya nuna 5 tsakaninsu, kwana ta tsaya. Aka tambaye shi ko ya san Faitagoras, ya ce, "Yallaɓai, shi ne sabon injiniyan?"