Injiniyan Gidanmu

Ina da wata cuta da ban taɓa kai wa likita ba: ba na iya ganin kuɗina yana shiga aljihun mai gyara. Duk abin da ya lalace a gidana, ni ne injiniyansa. Kayan aikina kuwa ba su wuce tsohuwar reza, da sukundireba mai karyayyen baki, da ledar burodi da nake naɗe waya da ita idan salatif ya ƙare ba.

Gwanintata ta fi fitowa a kan fiyus. Filogi mai baki uku yana da ɗan fiyus a cikinsa, galibi na amfiya 13, wanda aka yi shi musamman domin ya ƙone idan lodi ya yi yawa, kafin waya ta ɗauki zafi. Ni a ganina wannan ragwanci ne. Da ya ƙone sai in tsinko zaren jan ƙarfe in nannaɗe wurin, wuta ta dawo, yara su yi tafi, in koma kujera ina hura hanci. Wato mai gadin da aka ajiye ya yi ihu idan ɓarawo ya shigo, shi na toshe wa baki don in samu barci.

Sai soket mai jela, wanda ake ja daga bango. A wutarmu mai ƙarfin bolt 230, abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 3,000 ba, in ma na kirki ne, balle irin mai arahar da nake saye. Dutsen guga kaɗai yana cin wat 1,000 zuwa 2,000, hitar dafa ruwa ma haka. Ni kuwa da an kawo wuta sai in jona guga da hita da firji a wuri ɗaya, don kada a ɗauke ban ci riba ba. Robar soket idan ta fara narkewa, wani ƙarni take yi mai kama da na kifi. Na daɗe ina zargin maƙwabta da suyar kifi da tsakar dare, har ina cewa ba su da zumunci tunda ba sa aiko mana.

Uwargida ce ta gaji, ta kira mai gyaran wuta da kuɗin adashenta. Ya kwance soket ɗin bayan firji, ya ga baƙi ƙirin, ya juyo ya dube ni.

"Alhaji, wane maƙiyin naka ne ya yi maka wannan aikin?"

Na ce wani yaro ne, ya ma bar unguwar. Uwargida ta yi tari ta shige ɗaki.

Mai gyaran ne ya sa mana na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta fara bin jikin mutum, mai aiki a kan miliamfiya 30. Da na yi ƙorafin tsada, ya tambaye ni ko na san farashin likkafani. Na biya, amma sai da na nemi ragi.

Janareto kuwa laifin tsoron ɓarayi ne ya haɗu da na maƙo. Maimakon in biya mai walda ya yi masa keji a waje, sai na riƙa kunna shi a lungun da ke jikin tagar ɗakin kwana. Mukan tashi da ciwon kai da jiri, ni kuma in yanke hukunci cewa zazzaɓin sauro ne. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar shaƙa ninki sama da 200. Idan ta yi yawa, mai barci ba ya farkawa balle ya yi gudu. Ƙa'ida ita ce a ajiye janareto a fili, mita 6 daga ƙofa da taga. Garwashin da muke shiga da shi ɗaki lokacin hunturu mu rufe ƙofa, irin wannan iskar yake fitarwa.

Ban manta da kananzir da fiya-fiyar da nake zubawa a robar lemo ba, a ƙarƙashin gado, daidai inda hannun mai rarrafe yake kaiwa. Har shirin ko-ta-kwana nake da shi: manja. Ashe ɗura wa yaro manja ko sa shi amai ne ke tura kananzir cikin huhu. Asibiti ake nufa da shi kai tsaye, a tafi da robar. Yanzu kananzir da fiya-fiyar suna saman kabad a kulle, makullin ba a hannuna yake ba.

Gyara ɗaya na rungume hannu bibbiyu, domin kyauta ne: shafa ruwan sabulu a bakin tukunyar gas da tiyonta, a ga ko zai yi kumfa. Ba a gwadawa da ashana, kuma idan an ji wari ba a taɓa makunnin lantarki, taga ake buɗewa a rufe tukunyar. Makon jiya tiyon ya yi kumfa, na rufe tukunyar, muka koma gawayi a tsakar gida. Mai gas ya faɗi kuɗin sabon tiyo, na ce masa zan dawo ranar Asabar. Ban dai faɗa masa wace Asabar ba.