Tsumagiyar da Ta Yi Arziki

Kalmar da mutanen Ingila ke kiran sandar tsafi da ita, wato wand, aro ce daga tsohon harshen Sikandinebiya, kuma can asalinta ba ta wuce siririn reshe mai lanƙwasa ba. Tsumagiya ke nan, irin ta korar jaki. Sai ga ta yau a hannun Harry Potter, yaron nan matsafi na cikin labari, har da shagonta na musamman, inda wai ita ke zaɓen ubangidanta.

Girkawa ma sun daɗe suna kambama ta. A labarin Odisiyus, matsafiya Sirsi ta taɓa mutanensa da sanda, suka rikiɗe aladu. Amma fa sai da ta fara barbaɗa musu magani a abinci. Magani ya yi aiki, sanda ta kwashe suna.

Ɗan dabo kuwa ya san amfaninta sarai. Ya ɓoye kwabo a tafinsa, kuma dunƙulallen hannu abin zargi ne, sai ya riƙe sanda da shi, kowa ya ce ai dole ya dunƙule. 'Yan kallo na bin bakin sanda da ido, ɗaya hannun na can yana sha'aninsa.

Wadda ta taɓa yin abin a zo a gani ita ce ta Lulli, shugaban makaɗan Sarki Luwi na 14 a Faransa. Yana dukan ƙasa da ita don daidaita kiɗa, ya sauke ta a kan yatsan ƙafarsa. Ciwo ya ruɓe, ya ce ba mai yanke masa ƙafa, ya mutu a 1687.