Wasiƙa daga Nottingham: Dattawan da ke Sauya wa Sojoji Dakali

Zuwa ga Yaya,

Ƙanenka yana nan ƙalau, aiki yana tafiya, sanyi ya kankama. Kuɗin da ya turo na Inna ne, ba na gyaran babur ba. Maganar fili a ajiye ta sai ya zo. Labarin yau daban ne, kuma sai ka tara mutanen gida a tsakar gida kafin ka karanta.

A garin nan akwai dattawa masu furfura, wasu har da jikoki, waɗanda in sun tashi daga aiki babu abin da ke gabansu sai sojojin roba. Sojan bai kai tsawon ɗan yatsa ba. A wargaje ake sayo shi cikin kwali, kai daban, hannu daban, bindiga daban. Sai a yanka, a haɗa da gam, a yi masa fenti har da ƙwayar ido. In runduna ta cika, a jera ta a kan tebur, a ɗauko tef ɗin awo da 'ya'yan ludo, a gwabza yaƙi har dare ya raba.

Kada Baba ya ce wasan yara ne. Kamfanin da ke ƙera su, Games Workshop, abokai uku ne suka kafa shi a Landan a 1975: John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson. Ya fito da wasan Warhammer a 1983, sannan Warhammer 40,000 a 1987. Yau hedikwatarsa tana unguwar Lenton a nan Nottingham, tare da masana'anta da wani katafaren wuri mai suna Warhammer World, inda akwai zauren tebura na yaƙi, gidan baje koli, wurin cin abinci, da motar yaƙi girke a waje. A Disamban 2024 kamfanin ya shiga jerin FTSE 100, wato manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan, kafaɗa da kafaɗa da bankuna da kamfanonin mai. Da sojan roba, Yaya!

To, ga inda gizo ke saƙar. Kowane soja a tsaye yake a kan ɗan dakalin roba, kuma daga gefen dakalin nan ake auna komai: nisan da zai yi tafiya, wanda zai iya harba, da yawan mayaƙan da za su iya yi wa abokin gaba taron dangi. Faɗin dakali doka ce. A 2015 aka rufe tsohon Warhammer, aka kawo Age of Sigmar, dakali mai kusurwa huɗu ya koma mai da'ira. Su ma sojojin da ake kira Space Marines an ɗaga nasu daga milimita 25 zuwa 32. A Janairun 2024 kuma tsohon wasan ya dawo da sunan The Old World, kusurwa huɗu ta dawo, amma dakarun ƙasa da ke kan milimita 20 suka koma 25. Mutumin da ya cire rundunarsa daga kusurwa huɗu ya kai ta da'ira, yanzu ga shi yana kwaso ta yana maido ta, soja ɗaya bayan ɗaya.

Maƙwabcin ƙanenka, wani tsohon direban bas da ya yi ritaya, yana cikinsu. Da rana mutum ne mai raha, yana gaida kowa. Da ya zauna gaban fitilarsa, ya ɗora gilashin ƙara girma a goshi, ya ɗauki aska, to ko matarsa ba ta tari. Yadda yake sa bakin askar a ƙarƙashin tafin sojan, sai ka rantse wanzami ne zai yi wa jariri aski ranar suna.

Aikin kansa ilimi ne, domin gam iri biyu ne. In da sufa gulu aka manna sojan, sai a sa shi a firiza ya kwana. Sanyi yana sa gam ɗin ya yi ƙarau, da safe a ɗan banƙara da bakin aska, ya ɓalle tas. Saboda haka firizar gidan maƙwabcin hawa uku ce: kaza a ƙasa, wake a tsakiya, rundunar mahaya dawaki a sama. Baƙon da ya buɗe neman ƙanƙara, mashi ne zai fara yi masa maraba.

In kuwa gam ɗin roba ne, wannan ba manne yake yi ba. Narkar da robar yake, ƙafa da dakali su zama abu guda. Wanda ya ja da ƙarfi zai tashi da soja a hannu, tafin ƙafa a ƙasa, kuma a gidan nan ranar da hakan ta faru ba a kunna talabijin. Dabarar ita ce a sadaukar da dakalin. A ɗauki ƙaramar filaya mai yanka, a riƙa gutsurar sa daga gefe har sai ɗan abin da ke ƙarƙashin tafin ya rage, a kankare shi da aska, a goge da sanfefa. Tsofaffin sojoji kuma suna da wani ɗan harshe a ƙarƙashin ƙafa da ke shiga tsagar dakali, shi ma a datse shi. Daga nan a huda dunduniya da siririn abin huji na hannu, a cusa guntun waya, a kafa sojan a sabon mazauninsa don kada ya faɗi a fagen fama. Ruwan goge jan farce kuwa ba a kusantar da shi, domin wanda ke da asiton yana cinye robar, janar ya koma kunu.

Akwai masu neman sauƙi, su sayi zoben roba su zura tsohon dakali a ciki ya yi faɗi. Maƙwabcin yana gaisawa da su, amma ba ya ba su shayi.

Ka gaya wa Inna cewa Dettol ɗin da take tattali don wankan jego, a nan wanka ake yi wa sojoji da shi. A jiƙa su su kwana, fenti ya yi laushi, a dirje da tsohon buroshin haƙori. Ranar wankan runduna layin gaba ɗaya ƙamshin asibiti yake.

Yamma a nan tana da tsawo, Yaya. A watan Disamba ƙarfe 4 ba ta cika ba rana ta faɗi, kowa ya ja labule, babu dakalin ƙofar gida da za a zauna a yi hira bayan Magariba. Gidan dattijon nan ne ƙofar da ke buɗe. Yakan ajiye wa ƙanenka kujera, matarsa ta dafa shayi, a miƙa masa sanfefa, a yi ta aiki ana labari. Ranar Ƙaramar Sallah su ne suka fara buga masa ƙofa da safe.

Yanzu har an ba ƙanenka muƙami. Sabon dakali ba a barin sa tsirara: ana shafa farin gam, a barbaɗa yashi, a dasa ciyawar roba, a yi fenti. Dattijon yana so rundunarsa ta tsaya a kan busasshiyar ƙasa, sai ya shafa mata ruwan ɗorawa fayau. Ƙanenka ya duba ya ce masa ƙasar da rana ta gasa ba haka take ba, tana da ja, tana da tsakuwa, ciyawarta a rani fara-fara ce. Tun daga ranar babu dakalin da ke bushewa sai ya sa albarka, kuma abokan dattijon sun fara kawo nasu a duba musu.

Don haka ga saƙo na gaggawa. A tura Auta da wayarka ya hau Dutsen Dala da hantsi, ya ɗauko hoton ƙasar wurin dab da dab, da ta gindin ganuwa, kada inuwarsa ta shiga ciki. Mayaƙa suna firiza suna jira. A haɗo da muryar Inna ko ta minti ɗaya ce, kuma duk mai tahowa a ba shi yaji.

A gaida Baba da Inna da Gwaggo, a shafa kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Ƙanenka na Nottingham