Teburin da ya ƙi tsayuwa a Dakoro

Duk wanda sha'awar sassaƙa ta kama a Dakoro, ya ce sai ya ƙera tebur da hannunsa, katako ne zai fara ba shi wahala. Gawo da aduwa suna nan tsaye cikin gonaki, amma ma'aikatan gandun daji ma suna nan, kuma takardar tara ba ta san sha'awa ba. Dole ya yi saƙo Maraɗi, inda katakon kurmin Najeriya ke sauka, a ɗoro masa a saman mota.

Katakon ya taso cikin laima. Da hunturu ya busa sai ya bushe, ya lanƙwashe, ya tsage daidai inda aka buga ƙusa.

Sannan ƙafafu. Mai gidan ya auna, ya yanke, ya kafa tebur bisa rairayin tsakar gida, ƙafa uku suka taɓa ƙasa, ta huɗu tana lilo. Ya rage waccan, wannan ta ɗaga. Kafin la'asar tebur ya koma kujerar tsugunno.

Uwargida ta ce madalla, dama tata ta karye. Gara kuwa tuni ta fara zagayawa, kafintan unguwa yana leƙe ta saman darni yana lissafin kuɗin gyara.