Gidan Sauro Ya Samu Aiki Ko'ina Ban da Kan Gado

Ni dai ban yarda da masu cewa mutanenmu ba su san darajar gidan sauro ba. Sun sani, har sun fi masu ƙera shi sani, domin su aiki ɗaya suka tanadar masa, mu kuwa mun samo masa goma. A fadama yana tsare yabanyar tumatir daga akuya, a tsakar gida yana kare 'yan tsaki daga shirwa, a filin unguwa shi ne ragar gola. Wata uwar ko ledar ba ta buɗe ba, ta adana shi a ƙasan akwati cikin kayan auren 'yarta da ke aji uku a firamare. Tun taron Abuja na 2000, inda shugabannin Afirka suka ɗaura ɗamarar yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, ake wayar da kai, kuma ranar rabo har tureriya ake yi a ƙofar mai unguwa. Karɓa ba ta gagare mu ba, ratayawa ce ta gagara.

Masu ƙin ratayawa suna da hujjoji, kuma ban raina su duka ba. Mai kukan zafi gaskiya ya faɗa, wanda ya san daren Afrilu a Sakkwato ba wuta ba zai musa masa ba. Amma zazzaɓi ya fi kwantar da yara daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da gari ya yi sanyi, shi kuwa gidan sauron yana can gona yana gadi. Mai kukan ƙaiƙayi ma bai yi ƙarya ba, sai dai an ce a shanya sabo a inuwa awa 24 kafin a kwana ciki, mu kuma ko dai mu afka ciki a daren, ko mu dirje shi da omo mu baza a rana har maganin da ke jikinsa ya salwanta. Masu cewa yana hana haihuwa kuwa, su je su tambayi dillalan ragon suna ko ciniki ya ja baya.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce sauro ba ya jiran a kwanta, tun a majalisa yake fara cin ƙafa, kuma wani sauron ya saba da maganin. Haka ne. Sai dai macen sauron da ke ɗauke da cutar ta fi aiki cikin tsakar dare, kuma binciken da aka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa cikin zazzaɓin da aka kauce wa a Afirka daga 2000 zuwa 2015, kashi 68 cikin 100 albarkacin gidan sauro ne. Fiya-fiya da turaren sauro kullum sai an saya, ga tari kyauta, gidan sauro kuwa yakan kai shekara 3. Duk da haka sama da rubu'in masu zazzaɓin nan a duniya a Nijeriya suke. A rabo ana lissafa ɗaya ga mutum biyu, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu juna biyu su ne cutar ta fi kayarwa. Amma a gidaje da dama, guda ɗayan da aka daure aka rataya a turakar maigida yake, yana minshari cikinsa shi kaɗai, yaran suna kan tabarma a tsakar gida suna ta tafi.