Kwamandan Usur, Ina Sauran Jama'arka?

Taubashina Ɗan Tumbi, ɗan Goggo, sarkin barcin hantsi na birnin Zazzau, ashe kai aka ɗora wa shugabancin 'yan sikawut na unguwarku? Labari ya iso mu Kano tun tela bai gama ƙara wa wandon kakinka yadi ba. Allah Ya sanya alheri. Allah kuma Ya ba maɓallin rigar nan na tsakiya haƙuri, don shi ne ɗan sa-kai na farko da ka ɗauka, kuma har yau babu wanda ya kai shi shan wahala.

Ba zan hana ka yabo ba. Mutumin da ko buta sai ya ƙwala wa yaro kira a miƙo masa, yau shi ke sammakon Asabar yana koya wa 'ya'yan mutane ƙullin igiya da ɗaurin karaya, ba ko sisi. Wannan abin a jinjina ne. To na jinjina, an wuce wurin, sai mu dawo kan halinka.

An ce kai ne shugaba, kai ne sakatare, kai ne ma'aji, kai ne mai akwatin magani, kai ne kuma mai ɗanɗana miya, wanda dama shi ne muƙamin da ka fi cancanta. Kuɗin rajistar yara a aljihun hagu, kuɗin cefanen amarya a aljihun dama, ranar wanki kuma su haɗu su gaisa. Yaran da suka fara da cika aji yanzu da ƙyar suke cika benci biyu, kai kuwa kana ta busa usur kana cewa yaran zamani ba su da juriya. Yaran lafiyarsu lau, bawana. Iyayensu ne ba su san abin da kake yi da su ba, kuma ba ka taɓa neman su sani ba.

Bari in tuna maka da uban tafiyar, tunda hotonsa ka manna a falo kusa da na bikinka. A watan Agusta na 1907 Baden-Powell ya kwashi yara kimanin 20 zuwa tsibirin Brownsea a kudancin Ingila, suka yi mako guda a tanti. Janar ne fa, wanda duk Ingila ta san sunansa tun yaƙin Mafeking, amma bai ce shi kaɗai ya isa ba. Wasu yaran 'ya'yan abokansa ne, iyayen ya fara nema. Sauran kuma ƙungiyar Boys' Brigade ta garuruwan Poole da Bournemouth ce ta zaɓo masa. Ya ɗauko tsohon abokinsa na soja, Kenneth McLaren, ya zama mataimakinsa, aka kuma sami mai kula da kayan abinci daban. Hatta kuɗin zuwa ba a yanka shi bai ɗaya ba: 'ya'yan masu hali fam guda, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi sule uku da sisi. Da asuba yakan tashe su da ƙahon wata dabbar dawa da ya samo a kudancin Afirka. Duk cikin wannan tarihi, busar ce kawai ta shige ka.

Ga yadda aka ba ni labarin yawon neman yaranka, kuma wanda ya ba ni ba ya ƙari sai kaɗan. Ka doshi zauren wani dattijo bayan la'asar, ga kaki, ga ƙyalle a wuya, ga usur yana lilo a kan tumbi. Ka yi sallama, ka ƙame, ka ɗaga yatsu uku, sannan ka miƙa wa bawan Allah hannun hagu. Hannun hagu, Ɗan Tumbi, a zauren Bazazzagi mai furfura! Na san gaisuwar 'yan sikawut ce a duk duniya, na kuma san labarin da kuke bayarwa cewa a wurin Asantawa Baden-Powell ya gano ta, lokacin da ya je Kumasi da sojan Ingila a 1896, wai jarumi ne ke ajiye garkuwa ya ba da hagu. Labari mai daɗi. Amma dattijon nan ba a Kumasi yake ba. Ya dubi hannun, ya dube ka, ya ce yaron ya tafi Islamiyya, alhali ga yaron can yana leƙe ta bayan labule.

Tambayoyin da ke cikin ran uba ba su da yawa, sai dai ba zai furta su ga mai usur ba. Nawa za a kashe? Soja za a mai da yaron ko me? Abin nan na coci ne ko na kowa da kowa? Zai ci lokacin Islamiyya da hadda? In an ce kwanan daji, wane daji, da wa, a wannan zamani da ko tafiyar rana sai da addu'a? Babu ta banza a ciki. Ka cire hular nan, ka zauna a tabarma, ka amsa su ɗaya bayan ɗaya tun ba a yi maka su ba. Ka ce harkar ta shigo Najeriya tun 1915, ƙasar ta shiga ƙungiyar duniya a 1961, Musulmi da Kirista duk suna ciki, kuma alkawarin da yaro ke ɗauka da haƙƙin Allah yake farawa. Ka ce a 1977 a duwatsun Shere na Jos aka yi gangamin farko na 'yan sikawut na Afirka baki ɗaya. Kada dai ka ce ka taɓa hawa Shere, don kowa ya san Kufena ma daga gindi kake gaishe shi.

Sannan ka daina wa'azin nan naka na "jama'a a zo a taimaka." Wa zai zo? Taimako marar suna tsoro yake ba mutane, kowa na ganin in ya sa hannu har kafaɗa za a ja. Ka yanka aikin ƙanana, ka kai wa kowa nasa har gida, da ranarsa da iyakarsa. Tela Baban Ummi, ɗinkin ƙyallen wuya sau ɗaya a shekara, a kan kuɗin zare kawai. Mai kemis na bakin kasuwa, awa guda a wata ya nuna wa yara wanke ciwo da haɗa ruwan gishiri da sukari. Direban bas ɗin da ɗansa ke cikinku, kai yara da ɗauko su ranar fita, ku zuba masa mai. Tsohon ɗan sandan nan da ya yi ritaya yana ta hamma a dakali, ba shi fareti, ka ga yadda zai miƙe. 'Yan agajin masallacin Juma'arku kuma ba kishiyoyinka ba ne; sun fi ka sanin tsare taro da ɗaukar wanda ya faɗi, ka roƙi ɗaya ya riƙa leƙo ku. Uban da ya zo sau ɗaya ya ga ɗansa ya kafa tanti da hannunsa, ba sai ka sake roƙonsa ba, shi zai jawo maka maƙwabcinsa.

Inda ka fi ba ni haushi shi ne iyaye mata. Kana ta zarya a zaure, alhali hukuncin ko yaro zai fita ranar Asabar daga tsakar gida yake fitowa. Ka tura amarya da wata malamar makaranta su shiga su yi bayani. Kuɗin nan kuma ka fitar da shi daga wando ka damƙa wa uwar adashin unguwa. Matar da ke riƙe zubin mata talatin a kanta, kwabo bai taɓa ɓata ba, ita ce ma'ajinka, a haɗa ta da littafin rasit da sa hannun mutum biyu. Tun 1916 da aka buɗe sashen ƙananan yara, mace ce, Vera Barclay, ta taya Baden-Powell tsara shi, kuma tun 1910 'yan mata ke da tasu ƙungiyar a hannun ƙanwarsa Agnes. Janar bai ji kunyar neman mata su taya shi ba, sai kai, Janar na tuwon dare.

Maganar kwanan waje kuwa ba wasa a ciki, ko da daga bakina ta fito. A 2023 an tara mutum fiye da 40,000 a gangamin duniya a Koriya ta Kudu, ƙasa mai kuɗi da injiniyoyi, amma zafi da ƙarancin inuwa da ƙazantar makewayi suka sa tawagar Birtaniya da ta Amurka tattara komatsansu, daga baya guguwa ta sa aka kwashe kowa kafin a kammala. In haka ta sami Koriya, kai da jarka biyu da tamfol ɗin aro fa? Kwanan farko a harabar makaranta za a yi shi, cikin katanga, da sanin mai unguwa da hedimasta, da takardar yardar kowane uba a hannu. Kada babba ɗaya ya keɓe da yaro, ko kai ne, ko waliyyi ne. Manya biyu a kowane lokaci, kuma duk wanda zai kwana da yara sai unguwa ta san asalinsa. Ka gayyaci iyaye biyu su kwana tare da ku. Za su sha minsharinka, amma da safe su ne za su ba da shaida a masallaci.

Yaran su ma ka sakar musu mara. Tun a Brownsea rukuni huɗu aka raba su, kowane da yaro a kansa, kuma har yau haka tsarin yake: yara shida zuwa takwas, ɗayansu ne jagora, shi ke kiran suna, shi ke raba aiki. Kai naka ido ne daga nesa. Na ɗauka aikin da ake yi daga zaune zai fi dacewa da kai, amma ina, mulki ya yi daɗi. In kana son ƙwalisa ta gaskiya, je ka yi kwas ɗin shugabanni, wanda aka faro a Gilwell a 1919, a rataya maka 'yan itatuwan nan biyu a wuya da guminka. Ka ga an sami abin da zai taya usur lilo.

Ranar 22 ga Fabrairu ce ranar tunawa da wanda ya kafa ƙungiya. Kafin ta zagayo ina son in ji ka tara iyaye a makaranta, maza da mata, an rubuta sunan kowa da aikinsa a allo. Ni ma rubuta ni, mai binciken asusu, zan shigo mota in zo takanas. Kuɗin shararka na bana kuwa na ware shi, har da ƙari, amma ba zai shiga aljihunka ba. Ranar da ka naɗa ma'aji, ka turo min ita ta karɓa ta ba ni rasit.